Darasi na Tara: Wa Ya Tura Buhun? Mazaunin Awo da Dokokin Motsi

Motar a-kori-kura ta taso daga 'Yargoje ta nufi Ƙanƙara, an yi mata lodin masara buhu bisa buhu, fasinjoji sun ɗare saman lodin. Hanya ta miƙe, direba ya daidaita ƙafarsa a kan totur. Can sai ga awaki sun keto titi, ya danna burki da ƙarfi. Buhun da ke can sama, wanda karen mota bai ɗaure ba, ya zame gaba ya daki bayan kan motar, fasinjoji suka kifa kan juna ana ta salati.

Ka tambayi wanda ke saman lodin, zai rantse maka wani abu ne ya ingiza shi gaba, ai a jikinsa ya ji. Ka tambayi mai rake da ke tsaye a bakin titi, zai ce shi bai ga wanda ya taɓa buhun ba. Mota ce ta rage gudu, buhu kuwa ya ci gaba da tafiyar da dama yake yi. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa ya faɗi abin da ya gani daga inda yake. Amma bayanin mutum ɗaya ne ake iya ɗora lissafi a kansa kai tsaye. Aikinmu a wannan darasi mu gane na wane ne, da dalilin da ya sa.

Daga ina kake kallo?

Duk wanda ya ce abu kaza yana tafiya, ko yana tsaye, to ya riga ya zaɓi wurin da yake awo daga gare shi, ko da bai sani ba. Wannan wuri, tare da ma'aunin tsawo da agogon da ke hannun mai awon, shi za mu riƙa kira mazaunin awo. Bakin titi mazauni ne. Bayan mota mai gudu ma mazauni ne, kuma ba wanda ya fi wani zama na gaskiya.

Ga gwaji mai sauƙi. Mota tana gudun kilomita 54 a awa a kan kwalta mai santsi, wato mita 15 a kowace daƙiƙa. Kana zaune a ciki, gilasai a rufe, ka ɗaga lemo sama da daɓen motar da mita ɗaya da kwata, ka sake shi. Zai ɗauki rabin daƙiƙa kafin ya kai ƙasa. A wannan rabin daƙiƙar motar ta ci mita bakwai da rabi. Hankali zai so ya ce lemon a baya za a bar shi, ya je ya bugi gilashin baya. Amma kowa ya san gaban ƙafarka zai faɗi. A wurinka lemo ya sauka a miƙe. A wurin mai rake, da zai hango cikin motar, lemon ya yi baka ne a iska, ya tafi gaba mita bakwai da rabi yana gangarowa, don tun yana hannunka yake da gudun motar a jikinsa, kuma sakinsa da ka yi bai ƙwace masa wannan gudun ba.

Tsofaffin da suka shiga jirgin ƙasa a Funtuwa, a layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, sun san wani ruɗin ido: jirage biyu na tsaye gefe da gefe, ɗaya ya fara sulalewa, sai ka rasa naka ne ya tashi ko na maƙwabta, sai ka nemo wata bishiya ko ginin tasha ka kafa mata ido. A tashar mota ma hakan na faruwa idan motar gefenka ta ja da baya a hankali.

Shi ma mai raken da muka ce yana tsaye, a kan ƙasa kawai yake tsaye. Duniya na juyawa sau ɗaya a kwana, kuma a daidai yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wanda ke kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, wannan juyi yana tafiya da kowane gida da rumbu zuwa gabas da gudun fiye da kilomita 1,600 a awa. Ga kuma zagayen rana, wanda duniya ke yi da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa. Duk da haka furar da ke cikin ƙwarya ko kaɗawa ba ta yi.

Kuskuren da ya shekara dubu biyu

Aristotal, masanin Girka da ya rayu daga shekara ta 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi. Kada mu yi masa dariya. Ɗan ga-ruwa ya daina tura kurarsa, kura ta tsaya. Shanu suka tsaya, garma ta tsaya. Abin da ido ke gani kullum ke nan, shi ya sa maganar ta daɗe ba wanda ya ture ta. Inda ta gaza shi ne jifa. Dutse ya bar hannu, wa ke tura shi? Aristotal ya ce iska ce, amsar da ba ta gamsar da masu zurfin tunani ba.

Cikin waɗanda suka ƙi yarda akwai Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara wajen shekarar 980, ya rasu a Hamadan a 1037. Mun fi saninsa da likitanci, amma a littafinsa Kitabus Shifa ya yi bayanin cewa mai jifa yana sanya wa dutse wata karkata zuwa tafiya, wadda ba ta ƙarewa da kanta, iska ce ke cin ta a hankali, kuma da babu abin da ke tare hanya da tafiyar ba ta tsaya ba. Ya zo dab da amsar.

Galileyo, mutumin Italiya, shi ya fito da batun fili a littafin da ya buga a 1632, littafin da ya ja aka gurfanar da shi gaban kotun coci a Rum a 1633. Masu musun cewa duniya na tafiya suna cewa: in tana tafiya, don me dutsen da aka saki daga saman hasumiya yake faɗuwa a gindinta? Sai ya ce a shiga ɗakin cikin jirgin ruwa, a rufe tagogi, a tafi da ƙudaje da kifi a kwano da kwalba mai ɗigar ruwa. A lura da su jirgi na tsaye, a sake lura jirgi na tafiya. Muddin tafiyar a miƙe take, babu ƙari babu ragi, babu tangaɗi, ba za a ga bambancin komai ba. Ɗigon zai faɗa inda ya saba, ƙudaje ba za su taru a bangon baya ba. Lemonmu na ɗazu ke nan.

Aizik Niyuton, Baturen Ingila da aka haifa a shekarar da Galileyo ya rasu, 1642 a lissafin kalandar ƙasarsu ta lokacin, shi ya tattara wannan duka ya mai da shi dokoki uku a littafin da ya fito a 1687 da harshen Latin. Don ku san zamanin: Niyuton ya rasu a 1727, shekara biyar bayan haka malaminmu Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafinsa na lissafin hatimi, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741. Zamani ɗaya suka yi.

Doka ta farko: abu ba ya sauya halinsa da kansa

Abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu ɗaya, sai in wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Wannan ƙin sauyi da kowane abu ke da shi za mu kira shi turjiya. Rabin farko na dokar ba mai gardama a kansa. Rabi na biyu ne ke da wuyar haɗiya, don ba mu taɓa ganin abin da ya tafi bai tsaya ba. Dalili shi ne gogayya. Kurar ɗan ga-ruwa ba gajiya take yi ba: taya na gogar ƙasa, gindin taya na gogar ƙarfe, iska na tare ta. A sa mata man giris a hau kwalta, turi ɗaya zai kai ta nesa fiye da da. A sararin samaniya, inda babu iska, kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yanzu yana tafiyar kusan kilomita 17 a daƙiƙa ba tare da inji na tura shi ba.

Manomi yana aiki da wannan doka kullum. Idan kana son cire ruwan gatari daga ƙota, ba ja kake yi da hannu ba. Kakan juya bakin ƙasa, ka ɗaga ƙotar ka buga ta a kan kututture. Ƙota ta tsaya cak, ƙarfen kuwa da ke tafe tare da ita bai ga dalilin tsayawa ba, sai ya zare ya faɗi. Mai kakkaɓe tabarma da sanda haka yake yi ta ɗaya gefen: tabarma ta gusa farat ɗaya, ƙura ta tsaya inda take, ta zube.

Yanzu ga inda mutane da yawa, har da waɗanda suka yi sakandare, ba su lura ba. Wannan doka ba a kowane mazauni take aiki ba. A bayan a-kori-kurar da ta taka burki, buhu yana zaune lafiya, ba wanda ya taɓa shi, sai ga shi ya tashi ya yi gaba. A idon fasinja doka ta karye. A idon mai rake kuwa ta cika cif: buhu na tafiya, ba abin da ya riƙe shi sosai, ya ci gaba. Ashe babban aikin doka ta farko shi ne tantance mazaunai. Mazaunin da dokar ke cika a cikinsa, inda abin da ba a taɓa ba ba ya sauya tafiyarsa, shi ne natsattsen mazauni. Duk wani mazauni da ke tafiya a miƙe da gudu ɗaya idan an auna shi daga natsattse, shi ma natsattse ne. Saboda haka motar nan, kafin awaki su fito, natsattsen mazauni ce daidai da bakin titi, ko da tana gudun kilomita 100. Tana taka burki, ko ta ƙara wuta, ko ta shiga kwana, ta fita daga sahu. Gudu ba ya ɓata mazauni, sauyin gudu ke ɓata shi.

Doka ta biyu: nawa ne ƙarfin?

Sauyin gudu yana nufin ƙaruwa, ko raguwa, ko juya akala zuwa wata fuska. Ana auna shi da yawan mitocin da gudu ya ƙaru ko ya ragu a kowace daƙiƙa. Doka ta biyu ta ce: ƙarfi daidai yake da nauyin abu sau sauyin gudunsa. Nauyi a nan shi ne wanda ake faɗa da kilo, wato yawan abin da ke jikin abu, kuma shi ne ma'aunin turjiyarsa. Ma'aunin ƙarfi kuwa sunan mai dokar aka sa masa, niyuton. Niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da zai ƙara wa kilo ɗaya gudun mita ɗaya a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa. Ƙasa tana jan kowane kilo da ƙarfin niyuton 9.8, mu ce 10 don sauƙin lissafi. Buhun masara mai kilo 100 ke nan ƙasa na jan sa da niyuton 1,000.

A raba kilo da jan ƙasa, ba abu ɗaya ba ne. A kan wata, jan da za a yi wa buhun nan kashi ɗaya ne cikin shida na wanda ake yi masa a nan, yaro ma zai ɗaga shi. Amma in buhun ya taho da gudu, tare shi a can daidai yake da tare shi a kasuwar Ɗandume, don kilo 100 ɗinsa na nan.

Mu koma kan lodinmu. Mota na gudun mita 15 a daƙiƙa, direba ya tsayar da ita cikin daƙiƙa 3. Sauyin gudu: 15 a raba 3, ya ba da 5. Don buhu ya tsaya tare da motar, sai an ja shi baya da ƙarfin 100 sau 5, niyuton 500. Wa zai ba da wannan ƙarfi? In babu igiya, sai gogayyar da ke tsakaninsa da buhun da yake kai. Mu ƙaddara gogayyar nan iyakarta niyuton 300, don buhunan leda na yanzu santsi gare su, ba kamar na algarara na da ba. Saura 200 babu mai biya. Buhu na rage gudu, amma bai kai yadda mota ke ragewa ba, sai ya tsere mata. Igiyar karen mota ita ce ke cike wannan giɓi.

Wannan lissafin da za mu yi yanzu, ina so kowa ya yi shi da hannunsa a littafinsa, musamman iyaye mata. Ƙaramar mota ta taso daga Sheme tana gudun kilomita 72 a awa, mita 20 a daƙiƙa. Taya ta fashe, Allah Ya kiyaye, ta daki bishiya ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Sauyin gudu: 20 a raba 0.2, ya ba da 100. Namiji mai kilo 60 yana bukatar niyuton 6,000 kafin ya tsaya tare da motar, daidai da nauyin buhun masara shida. Shi ne wanda ke cewa zai dafe gaban mota da hannu. Uwa kuma tana gidan gaba ta rungume yaro mai kilo 10 a cinya. Don ta riƙe shi, sai hannayenta sun ba da niyuton 1,000, nauyin buhu guda cur, cikin ƙiftawar ido, alhali ita kanta tana tafiya gaba. Babu uwar da za ta iya, komai ƙaunarta. A ganina cusa mutum biyu a gidan gaba, ga yaro a cinya, ya fi kowace ɗabi'a ta tashoshinmu muni, kuma mun saba da ita har ba ma gani.

Dubi lissafin da kyau za ka ga inda mafita take. Gudun da za a kashe ɗaya ne, mita 20. Abin da za a iya sauyawa shi ne lokacin da za a kashe shi a ciki. A ninka lokaci, ƙarfi ya ragu da rabi. Bel ɗin kujera yana kama mutum tun daga farkon tsayuwar, yana ɗan miƙewa, ya raba ƙarfin a ƙirji da ƙugu, maimakon a bar goshi ya tsaya a jikin gilashi cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ba. Bel mai maɗauri uku da muke gani yau wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a mota a 1959. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi a Najeriya a 2003. Hular kwano ta mai babur aikinta ke nan: soson cikinta yana lotsewa ya tsawaita lokacin. Gaban motocin zamani da ke murƙushewa da wuri, wanda direbobi ke kushewa suna yabon ƙarfen tsohuwar Peugeot, da gangan aka yi shi haka.

Doka ta uku: ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai

Idan abu na farko ya tura na biyu, na biyun ma yana tura na farko da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ta saɓa. Ka yi tsalle daga kwale-kwale zuwa gaɓa, kwale-kwalen ya ja baya. Maharbi ya harba bindiga, gindinta ya daki kafaɗarsa.

Ɗalibai kan kawo wata tambaya a nan, kuma tana da kyau. Shanu na jan amalanke gaba, amalanke na jan shanu baya da ƙarfi ɗaya. To ai sun kashe juna, yaya aka yi taki ya isa gona? Amsa ita ce ƙarfin biyu ba a kan abu ɗaya suke ba. Ɗaya a kan amalanke yake, ɗaya a kan shanu. In kana son sanin ko amalanke zai motsa, ƙarfin da ke kansa kaɗai za ka tara: jan shanu gaba, gogayyar taya baya. Wanda ya fi ya yi rinjaye. Su kuma shanu, kofatonsu na tura ƙasa baya, ƙasa na tura su gaba. Ƙasa ce ke tafiyar da su. Wanda ya ga amalanke ya kafe a laka cikin watan Agusta ya ga hujja: shanun nan dai su ne, ƙarfinsu bai ragu ba, amma kofato na zamewa, ƙasa ta daina mayar da turi.

Wannan doka ita ce za ta raba gardamar fasinja da mai rake. Kowane ƙarfi na gaskiya yana da mai shi, ana iya nuna shi da yatsa: igiya, hannu, taya, ƙasa. Kuma mai shi yana karɓar ramuwa. To ƙarfin da fasinja ya ce ya ingiza shi gaba, wa ya yi shi? Me fasinjan ya tura baya a madadinsa? Babu. Irin wannan shi ake kira ƙarfin bogi. Yana bayyana ne kawai idan mai awo ya zauna a mazaunin da ba natsattse ba, ya ɗauka a tsaye yake. Kada kalmar bogi ta ruɗe ku, goshin da ya fashe ya fashe da gaske. Amma abin da ya fasa shi ƙarfen da ya tsayar da shi ne, ba wani hannu daga baya ba. Injiniyoyi sukan yi lissafi da ƙarfin bogi da saninsu idan ya fi musu sauƙi su yi awo daga cikin motar, kuma amsa takan fito daidai. Sharaɗi dai a san ƙari ne aka yi don gyara mazauni.

Kwana

Yaron da ke korar tsuntsaye a gonar dawa yana wulwula majajjawa, ya saki igiya ɗaya. Dutsen ba ya ci gaba da zagaye, ba ya kuma fita ta inda igiyar ta miƙe. Yana bin fuskar da ya dosa a daidai lokacin sakin, a miƙe. Igiya ce dama ke ta janyo shi ciki tana hana shi wannan miƙewar. Tafiya a da'ira sauyin gudu ce ko da saurin bai sauya ba, kuma tana bukatar ƙarfin da ke ja zuwa tsakiya.

A kwana, fasinja yana jin ana jefa shi waje. A idon na bakin titi, fasinja miƙewa yake son yi, mota ce ta karkata ta tare masa hanya da ƙofa. Ita kuma motar, gogayyar taya da kwalta ce igiyarta. Sauyin gudun da kwana ke nema shi ne gudu sau gudu, a raba da nisan tsakiyar da'irar. Kwana mai mita 50 daga tsakiya, a gudun kilomita 36 a awa, mita 10 a daƙiƙa: 100 a raba 50, ya ba da 2. A kilomita 72: 400 a raba 50, ya ba da 8. An ninka gudu sau biyu, bukata ta ninku sau huɗu. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta da ƙyar take ba da wannan 8 ɗin. Sudaddiyar taya, ko yashi a kan titi, ko ruwan sama, ba a magana. Gingimarin da aka yi wa lodin auduga har sama kuwa ba zai jira zamewa ba, kifewa zai yi.

Ita ƙasar fa?

Mun yi ta kafa hujja da mai rake, alhali mun ce ƙasar da yake kai juyawa take. Abin da ke juyawa kuwa ba natsattse ba ne. Gaskiya ne, sai dai juyin sau ɗaya ne a awa 24, kuma sauyin gudun da yake jawowa a yankinmu wajen 0.03 ne, a gefen 9.8 na jan ƙasa. Ga mai lodi da mai gini da direba, ƙasa natsattsiya ce, kuskuren bai kai a damu da shi ba.

Amma ana iya kama ta. A 1851 Léon Foucault ya rataya dunƙulen ƙarfe mai kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 a cikin wani dogon gini a Paris, ya sake shi yana lilo. Awa bayan awa, layin lilon yana karkacewa da kusan digiri 11, ba wanda ya taɓa shi. Daɓen ginin ne ke juyawa a ƙarƙashinsa. Da za a rataya irinsa a Ƙanƙara, digiri 3 kacal zai karkace a awa, sai ya yi kusan kwana biyar kafin ya kammala zagaye, don abin yana raguwa yayin da ake kusantar layin da ya raba duniya biyu.

Akwai shaidar da ta fi wannan kusa da mu. Abin da ke doguwar tafiya a arewacin duniya, in an auna shi daga ƙasa, yana karkata dama. Wani Bafaranshe, Coriolis, ya yi lissafin irin wannan ƙarfin bogi a 1835, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Iskar hunturu tana tasowa daga Sahara ta nufi kudu, juyin duniya ya karkatar da ita, sai ta iso mana daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Da damina kuma iska mai laima ta taso daga tekun Atlantika, ta ƙetaro layin da ya raba duniya biyu, ta karkata dama, ta shigo mana daga kudu maso yamma. Maganar da ake yaɗawa a intanet cewa wannan ƙarfi ne ke juya ruwan da ke tsiyaya daga baho ba ta da tushe. Baho ya yi ƙanƙanta, siffarsa da yadda aka zuba ruwan su ke hukunci.

To ina natsattsen mazauni na ainihi, tunda ƙasa na juyawa, tana zagaya rana, rana ma tana zagaya tsakiyar tarin taurarinmu? Niyuton ya ɗauka akwai wani sarari tsayayye da ba ya motsi, wanda ake auna komai daga gare shi. Matsalar ita ce dokokinsa da kansu ba su ba da hanyar gano shi ba, tunda duk natsattsun mazaunai amsa ɗaya suke bayarwa. A 1885 wani matashin Bajamushe, Ludwig Lange, ya ce a bar neman sararin, a gwada mazauni da aikinsa: in abubuwan da ba a taɓa ba suna tafiya a miƙe a cikinsa, ya isa. Ma'anar da muka bi a wannan darasi ke nan. Albert Einstein ya ɗora a kai a 1905, ya nuna cewa idan gudu ya kusanci na haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, lissafin Niyuton yana bukatar gyara. Wannan sai a darasin gaba. A gudun mota da jirgin sama, har da kumbon da ya kai mutum wata a 1969, dokokin nan uku sun wadatar.

Aikin gida

Ku sami guga ko bokiti mai igiya, ku zuba ruwa rabi, ku rataya a reshe. Ku murɗa igiyar sosai, ku jira ruwa ya kwanta, sannan ku saki. Ku lura da fuskar ruwan a lokaci uku: da farkon juyi, bayan juyi ya yi nisa, da lokacin da kuka cafke bokitin farat ɗaya. Niyuton da kansa ya yi wannan gwaji. Ku rubuta yaushe ruwan yake a shimfiɗe, yaushe ya yi rami a tsakiya, kuma a kowane lokaci ku faɗi abin da ƙudan da ya sauka a bakin bokitin zai ce ruwan yana yi.

Sai lissafi guda biyu. Mai babur ya ɗauko buhun waken suya mai kilo 100 daga Sabuwa, yana gudun mita 12 a daƙiƙa, ya tsaya cikin daƙiƙa 4. Ƙarfin niyuton nawa roba da sirdi za su ba buhun don kada ya hau bayansa? In da cikin daƙiƙa 2 ya tsaya fa?

Na biyu: kana cikin mota an rufe ta da tamfol ko'ina, ba ka ganin waje, a hannunka akwai zare da aka ɗaura wa ɗan dutse. Bayyana yadda za ka gane ko motar na ƙara gudu, ko tana ragewa, ko ta shiga kwanar hagu. Sannan ka faɗi ko zaren zai iya gaya maka bambanci tsakanin motar da ke tsaye a tasha da wadda ke gudun kilomita 80 a miƙaƙƙiyar hanya mai santsi, ka kawo dalilinka.